Tsakanin wuƙa da gishiri: inda darajar fata ke mutuwa

Ranar Babbar Sallah da la'asar, duk wanda ya bi ta Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi a Kaduna zai ga tulin fatun raguna a ƙofar masallatai, an jibge wata kan wata, 'yan agaji na jiran motar da za ta kwashe. Mai gida ya sauke nauyi, ya ba da fata sadaka, hankalinsa ya koma kan suya. Ni kuwa in na zo wucewa nakan tsaya in tura hannu tsakiyar tulin. Sau da yawa wani ɗumi nake ji wanda ya fi na rana, wani lokacin har da ɗan wari mai kama da na fitsari. Ma'anarsa fatun da ke ƙasa sun fara ruɓewa tun naman ragon bai gama tsanewa a kan igiya ba.

Shekarun nan kuma Sallar a damina take faɗowa. A 2023 ranar 28 ga Yuni aka yi ta, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 ranar 6 ga Yuni. Watan Yuni a Kaduna ruwa ya sauka, iska ta jiƙe, zafi bai gama tafiya ba. Babu yanayin da ya fi wannan yi wa ɗanyar fata illa. Da hunturu ne, ko an yi sakaci iska kan rufa asiri.

Abin da ya sa nake damuwa da waɗannan 'yan sa'o'i shi ne, jima ba ta gyara fata. Yadda fata ta zo hannun majemi haka zai adana ta, da kyanta da aibinta. In ta zo da huji, za ta fita da huji. In fuskarta ta fara ruɓewa, bagaruwar duniya ba za ta mayar da ita ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa sirrin fata mai kyau yana majema ko a injinan Challawa da Sharaɗa a Kano. Rabin sirrin, in ma bai fi ba, yana hannun wanda ya feɗe da wanda ya karɓa daga hannunsa, mutanen da galibi ba wanda ya taɓa gaya musu haka, kuma ba wanda ke biyansu don su kula.

Fata saƙa ce. In an duba ta da madubin ƙara girma, zare ne sirara na wani furotin da ake kira kolajin, sun sarƙe da juna ta kowace fuska, shi ya sa take da ƙarfi kuma take miƙewa. A samanta akwai wani siririn rufi inda gashi ke tsirowa, a ƙasanta akwai tantani da kitse da ke haɗa ta da nama. Ɗanyar fata kusan kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Muddin dabba na numfashi, jikinta na kare wannan saƙa. Da an yanka, kariya ta ƙare: ƙwayoyin bakteriya da ke cikin gashi da kashi da jini da ƙasar da aka kayar da dabbar a kai sai su samu abinci jiƙaƙƙe mai ɗumi. Inda suke fara ci shi ne gindin gashi. Don haka gwajin da masu sayen fata ke yi mai sauƙi ne: su kama gashi da yatsu biyu su ja. In ya biyo hannu ba gardama, fata ta tafi. Ga mai neman fatar takalmi, wannan na nufin fuskar fata za ta fito da tabo kamar ta mai zanzana. Ga mai neman buzu ko mai son ya tsayar da dabbar da gashinta, babu sauran magana.

Wasu aibobin ma tun dabba na da rai ake yin su. Kirci, ciwon fatar nan da ke addabar shanu da damina, yana barin tabon da ba ya ɓacewa. Haka cizon kaska, da ƙazuwa, da karcen ƙaya da na waya, da shatin sanda a hanyar kasuwa, da gogar ƙarfen mota lokacin da aka cusa shanu a tirela. Lalas da ake yi wa saniya da ƙarfe mai zafi, don shaida ko don magani, in aka yi shi a gadon baya ko cinya to an ƙona wurin da ya fi ko'ina tsada a ƙirgi. Da a ƙafa ko a kumatu aka yi, shaidar na nan, fatar kuma ta tsira.

Sai fiɗa. A nan ne nake ganin an fi yin asara, kuma asarar da ta fi sauƙin kaucewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwatar Zango da sassafe ya kalli tsofaffin mahauta suna feɗe akuya zai lura cewa wuƙa ba ta daɗewa a hannunsu. Da ita ake buɗe hanya: tsaga ɗaya miƙaƙƙiya daga maƙogwaro zuwa gindin wutsiya, sai tsagar ƙafafu ta ciki. Daga nan sai a rataye dabba, a sa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama ana turawa, ana ja. Hura rago ta ƙafa da ake yi kafin fiɗa ma dabarar raba fata da nama ce ba tare da ƙarfe ba. Fatar da aka cire haka cikinta sumul yake fitowa. Saniya dole a sa mata wuƙa, amma wuƙar fiɗa ta gaskiya mai lanƙwasasshen baki ce, marar tsini, kuma kaifinta wajen nama yake kallo. Ranar layya kuwa wuƙar da ta yanka ita ke fiɗa, mai tsini, a hannun yaron da gidaje biyar ke jiransa, mai gida na tsaye a kansa yana cewa, "Malam, a ɗan hanzarta, hanta ake jira." Kowane kuskuren tsini ko dai huji ne, ko wani zane mai zurfi da bai fasa ba. Wannan na biyun ya fi sharri, domin ba ya nuna kansa sai an jeme an miƙe fatar a kan takalmi, sannan ta tsage daidai wurin.

Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Ali da ya raba naman hadayarsa da fatunta, kada ya ba mahauci komai daga ciki a matsayin lada. Malamanmu sun gina hukuncin fatar layya a kan irin wannan: ba a biyan mai fiɗa da ita, mai layya ba ya sayar da ita, ko dai ya amfana da ita ko ya bayar. Hukunci ne mai kyau, kuma shi ya sa ƙungiyoyin addini irin su Izala ke tara fatu masu yawa duk shekara suna ayyuka da kuɗin. Amma yana da kyau mu lura da abin da ya biyo baya a aikace: mai fiɗa ba shi da rabo a fatar, mai gida ya riga ya ba da ita a zuciyarsa, ɗan agaji ƙirga yake yi. A cikin mutum ukun nan babu wanda zai ji a aljihunsa in fatar ta lalace. Sadaka ce ke raguwa, ba kowa ke gani ba.

Bayan fiɗa, aiki na farko shi ne fata ta huce. A shimfiɗa ta a inuwa, ɓangaren nama a sama, na ɗan lokaci. Ninke ta da ɗuminta, ko jefa ta cikin leda ko buhu, kamar rufe tukunya ce a kan wuta. In akwai jini ko kashi a wanke da ruwan sanyi a bari ya tsiyaye. Sai a kankare kitse da guntayen nama, musamman wajen wutsiya da wuya, domin gishiri ba ya ratsa kitse. Duk inda aka bar dunƙulen kitse, a ƙarƙashinsa ruɓa za ta fara. Sannan gishiri, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu bai kamata a wuce sa'o'i 4 zuwa 6 da yanka ba a zuba shi ba. Ba barbaɗawa ake yi kamar ana gyara miya ba. Ma'aunin da masana'antu ke bi shi ne gishirin ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyin ɗanyar fatar, wato fatar da ta kai kilo 3 tana son abin da ya kusa kilo 1.5. A goga shi har bakin ƙafafu da gefuna inda fata ke naɗewa. Gishiri yana zuƙe ruwa, ruwan da ya rage kuma ya yi masa ɗaci yadda yawancin ƙwayoyin ba sa iya rayuwa a ciki. Shi ya sa ake ɗora fatar a wuri mai gangara don ruwan ya samu hanya. Gishirin da aka taɓa amfani da shi, wanda ya sha jini, ba a maimaita shi: akwai nau'in bakteriya da ke son gishiri, su ne ke haddasa jan tabon nan da ke fitowa a cikin fatar da ta daɗe a ajiye.

Wanda ba shi da gishiri yana iya shanyawa, amma shanya ma tana da ƙa'ida. Hanyar da ta fi yawa a ƙauyuka, a baje fata a ƙasa a tsakiyar rana a kafe ta da turaku, ita ce mafi muni. Rana na busar da sama ta yi tauri kamar faranti, ruwan ciki ya rasa mafita, ƙasa kuma ta hana iska shiga ta ƙasa. Fatar za ta yi kamar ta bushe sarai, sai an jiƙa ta a majema a ga tana kumbura tana ɓarewa, tsakiyarta ta dahu ko ta ruɓe. Ɗanyen kolajin yana fara lalacewa in zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 65, ruɓaɓɓe kuwa tun kafin nan. Shanyar kirki ita ce a ɗaure fata da igiyoyi a cikin firam na itace, a tsaye, a inuwa, iska na bugun ta gaba da baya. Da damina a Kaduna ko wannan ma da wuya ta wadatar, gishirin dai shi ne mafita.

Idan fata ta tsallake wannan mataki lafiya, sauran aikin tsohon ilimi ne da Hausawa suka daɗe da ƙwarewa a kai. Majemi zai jiƙa ta ta koma kamar ɗanya, ya tsoma ta a ruwan toka, wasu su haɗa da kanwa ko farar ƙasa, har gashi ya saki, ya ɗora ta a kan gungume ya tuje da kartaji. Daga nan sai ruwan kashin tattabara ko na kaji, wanda ke cinye ragowar abubuwan da ke tsakanin zaren fata ya bar ta da laushi. Mai kallo zai ce ƙazanta ce, alhali abin da masana'antar zamani ke yi ke nan da sinadaran da take saye a buhu. Sannan bagaruwa. Kwasfarta na ɗauke da sinadarin tanin mai yawa, shi ne ke shiga ya ɗaure zaren kolajin da juna har ruwa da ƙwayoyin ruɓa su kasa raba su. Ana farawa da ruwa marar ƙarfi sannan a ƙara, domin in aka fara da mai kauri waje zai jemu ya toshe hanya, ciki ya zauna ɗanye. Majemi kan yanki bakin fata ya duba: in akwai farin layi a tsakiya, da saura. Ba a kuma jima da bagaruwa a cikin garwar ƙarfe, saboda tanin in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake zama. Dukawa sun san wannan tun tuni, har suka mayar da shi amfani: kuloko da suke baƙanta fata da shi daga ƙarfe ake yin sa. Ja kuwa daga karan dafi.

Wannan jar fata, musamman ta jar akuyar Sakkwato, ita ce ayari ke ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a tashoshin arewacin Afirka suka raɗa mata sunan fatar Maroko, suna yin bangon littattafai masu tsada da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya ga yadda takalma da jemammun fatu ke cikin manyan hajojin birnin. Yau yawancin fatar duniya, fiye da kashi 80 cikin 100, da gishirin kurom, wani sinadari na masana'anta, ake jeme ta, hanyar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Tana da sauri, kwana ɗaya ya isa a cikin ganga mai juyawa, kuma fatarta na jure tafasasshen ruwa. Kuɗin da ake biya shi ne dagwalon da ke fita daga masana'anta, wanda mutanen bakin kogin Challawa suka fi kowa sanin labarinsa. Mu a jihar Kaduna muna da cibiyar binciken fata ta ƙasa, NILEST, a Samarun Zariya, wadda asalinta ya koma shekarun 1960, kuma tun farko aikin da aka kafa ta dominsa ya haɗa da koyar da fiɗa da adana ɗanyar fata. Daga Samaru zuwa Zangon Tudun Wada tafiyar kilomita 80 ce da 'yan kai. Ilimin yana kusa, isowarsa hannun mai wuƙa ne ke wuya.

Akwai wata sana'ar da ta fi jima tsanani wajen neman fata marar aibi, ita ce wadda Turawa ke kira taksidami: a cire fatar dabba da gashinta da fuskarta, a jeme, a mayar da ita kan wani jiki da aka ƙera, har dabbar ta tsaya kamar mai rai, irin waɗanda ake gani a gidajen adana kayan tarihi. Tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Maharbin Bahaushe da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa, namun daji na ɗauka tsuntsu ne ke kiwo, ya san cewa siffar dabba na iya yin aiki bayan ranta ya fita. Makiyaya a wurare da dama, in ɗan maraƙi ya mutu, sukan cusa ciyawa a fatarsa su ajiye gaban uwar don ta ci gaba da sakin nono. A Turai ma da cusa ciyawa da tsumma aka fara, dabbobin su fito a kumbure ba fasali. Wanda ya sauya sana'ar shi ne Carl Akeley, Ba'amurke da ya rayu daga 1864 zuwa 1926, ya yi aiki a manyan gidajen tarihin halittu na Chikago da New York. Shi sai ya auna dabba, ya gina jikinta da yumɓu a kan ƙasusuwa, tsoka bayan tsoka, ya fitar da wani jiki marar nauyi daga wannan siffa, sannan ya sanya masa fatar kamar riga. Yau jikin da kumfar roba mai tauri ake yin sa, amma hanyar tasa ce.

Bambancin majemi da mai taksidami yana kan gashi. Majemi yana so gashi ya fita, amma a lokacin da shi ya zaɓa, da tokarsa. Mai taksidami ba ya so ko ƙwara ɗaya ta faɗi, don haka toka da farar ƙasa ba sa zuwa kusa da aikinsa, kuma sa'o'in da majemi zai iya yafewa shi ba zai iya ba. Ɗauki misalin Alhajin da ya yi layya da wani ƙaton Balami ko Uda mai murɗaɗɗen ƙaho, yana so a adana masa kai da wuya. Tun kafin fiɗa za a auna daga ido zuwa hanci, da kaurin wuya, a ɗauki hoton fuska. Za a zagaye fata daga bayan kafaɗu, domin in aka yanke ta gajere babu inda za a samo ciko. Tsagar za ta bi ta bayan wuya inda ɗinki zai ɓuya. Wurin yanka a maƙogwaro, wanda mu ba mu da yadda za mu kauce masa, dole a wanke jininsa nan take da ruwan sanyi kafin ya rina farin gashi, daga baya a ɗinke shi da ƙananan ɗinki daga ciki.

Fuska ita ce wurin da ake gane gwani. Kunne sai an juya shi ciki ya koma waje kamar safa, an raba fata da guringuntsi har baki, in ba haka ba gishiri ba zai shiga ba, gashin kunne ya zube cikin kwana biyu. Leɓe fata ce ninki biyu, sai an tsaga an buɗe. Haka fatar ido da hanci. Ƙahon rago kube ne a kan ƙashi, da ɗanyen nama tsakaninsu. Sai an zare shi an wanke, in ba haka ba wari zai kori mutane daga ɗakin. Bayan gishiri sai a tsoma fatar a ruwan da aka haɗa gishiri da asid, ya yi tsami sosai, ƙasa da 2.5 a ma'aunin tsami na pH. Wannan tsamin na kafe gindin gashi, ya kumbura fata kaɗan yadda za a iya fere ta ta yi siriri. Gishirin cikin ruwan ba na ado ba ne: asid shi kaɗai zai sa fata ta sha ruwa ta kumbura har zarenta ya tsinke. Ferewa kuwa dole ce, domin fata mai kauri in ta bushe tana jan kanta, ta buɗe baki, ta karkata ido. Sai a kashe tsamin da bekin soda, a jeme da alam, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, ko da sinadaran zamani, a shafa mai, a ɗora ta a kan jikin tun tana da danshi. Ido na gilashi ne, ana zaunar da shi a cikin yumɓu, kuma wanda bai taɓa lura cewa ƙwayar idon rago da akuya a kwance take ba zai fitar da dabbar da kowane makiyayi zai ce akwai abin da ba daidai ba, ko bai iya faɗin mene ne ba.

Bayan an gama, maƙiyi na gaba ƙwari ne: asu da wani ɗan ƙwaro da ke cin busasshiyar fata. Wani mai haɗa magunguna a Faransa, Jean-Baptiste Bécoeur, ya ƙirƙiro sabulu mai gubar asenik a ƙarni na 18 don maganinsu, aka daɗe ana amfani da shi, shi ya sa tsofaffin dabbobin gidajen tarihi ba a taɓa su da hannu tsirara. Yanzu an bar shi. A Kaduna, inda watan Agusta ke sa takalmi ya yi hunhuna a ƙarƙashin gado, danshi ma abokin gaba ne.

Malamai sun yi magana a kan ajiye irin wannan a gida. Wasu sun hana saboda kamarsa da mutum-mutumi da ɓarnar dukiya, wasu sun sauƙaƙa in don koyarwa ne. Ni ma a wajen koyarwar nake ganin amfaninsa. Sunan garin nan daga kada ya samo asali, amma yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa ganin kada ido da ido? Dabbar da ta mutu da kanta a gidan namun daji, in da mai hannu a kusa, za ta iya koyar da ɗalibai shekaru masu yawa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kashe don a yi ado. Nijeriya na cikin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa, tun 1975, tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, kuma a Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon dankunya, dabbar nan mai ɓawo da ke naɗe jikinta, a Abuja tare da fatun damisa da mesa da kada da aka ƙwace. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999, farauta a cikinsa laifi ce. Mai son koyon sana'ar yana da zomo, da zabo, da rago, da akuya.

Haka kuma ba kowace mushe ake feɗewa ba. A fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, fatar mushe in an jeme ana iya amfani da ita, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Ta fuskar lafiya kuma, dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a sa mata wuƙa sam, likitan dabbobi ake kira. Alamar ciwon saifa ke nan, wato antiraks, wanda ƙwayoyinsa ke rayuwa a busasshiyar fata shekara da shekaru, gishiri ba ya kashe su. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja, a kan hanyarmu ta zuwa Abuja.

Sai tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan: in hanyar a bayyane take haka, me ya sa ba a bi? Amsar tana kasuwa. Fatar saniya a Nijeriya tana da mai saye wanda bai damu da huji ba, shi ne mai ganda. Babbaka za a yi, a yayyanka, a jefa a miya, to mene ne amfanin fiɗa a hankali? Kuma kuɗinsa a hannu yake. Mahaucin da ya san ƙirginsa tukunya zai shiga ba zai ɓata minti 20 yana lallaɓa shi ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. A 2022 shugaban NILEST ya yi kiran a yi dokar hana cin ganda don a ceto masana'antar fata. Na fahimci zafin da ya sa shi faɗin haka, amma ban ga yadda za a hana talaka abin da yake samu ya tauna a miyarsa ba, lokacin da nama ya fi ƙarfinsa. Gwamnati kuma ta daɗe da hana fitar da ɗanyar fata da wadda aka yi wa rabin jima zuwa waje, don a riƙa ƙarasa aikin a gida. Manufar mai kyau ce, sai dai ta bar mai ɗanyar fata da masu saye ƙalilan, su ne kuma ke yanka farashi.

Fatun awaki da tumaki su ne har yanzu ke isa majema da yawa, su ne kuma ke ƙarewa a masana'antun Italiya da Sifen. A nan ne gyara zai fi saurin nuna kansa, kuma abin da zai kawo shi shi ne bambancin farashi da mai fiɗa zai gani da idonsa. A masana'anta ana ware fata daraja-daraja, ta ɗaya da ta biyu da wadda aka ƙi. Amma a bakin kwata da ƙofar masallaci sau da yawa ƙidaya ake yi, kuɗi ɗaya ga mai huji da marar huji. Dillalin da ya saya a haka shi ma ya san akwai ruɓaɓɓu a ciki, sai ya rage kuɗin duka don ya fanshe. Mai kula da marar kula suka zama ɗaya, a hankali kowa ya daina kula.

Kwamitin tara fatun layya na kowace unguwa yana da ƙarfin da mahauci ɗaya ba shi da shi, domin yana da yawa, yana da mumbari, yana da matasa. Sanarwar da ake yi a huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah cewa a kawo fata tana iya ɗaukar jimla biyu a kai: a feɗe da hannu, a kawo kafin azahar ba a cikin leda ba. Buhunan gishiri a saye su tun kafin ranar Arfa, daga kuɗin fatun bara. A samu rumfa mai siminti da ɗan gangara, mutum biyu da wuƙar kankare kitse, mutum biyu a kan gishiri, a ware masu huji gefe guda tun a nan. Washegari da safe a zazzage jiƙaƙƙen gishirin a zuba sabo, a ja gashin kowace a gani. Fatar da aka yi wa haka za ta iya jiran makonni, kuma kwamitin da fatunsa za su iya jira ba dole ba ne ya sallama wa motar farko da ta tsaya a daren Sallah da kuɗin da direbanta ya ga dama.